Gidan Kallon da ke Lungun Agege da Irin Shari'ar da Yake Nuna wa Samarinmu

Shekara 11 ke nan ina aikin tafinta a kotunan majistare na Jihar Legas, ina juya Turanci zuwa Hausa domin wanda aka gurfanar ya san abin da ake tuhumarsa da shi, sannan in mayar da amsarsa zuwa Turanci domin mai shari'a ya rubuta. Wannan aiki ne ya kai ni gidan kallon da zan yi bayani a kansa. Na daɗe ina lura cewa samarin da ake kawowa gabanmu, 'yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da 'yan jari-bola da masu gadin gidaje, suna shigowa kotu ɗauke da wani hoto na shari'a a zukatansu wanda ba a makaranta suka samo shi ba, ba kuma a wurin iyayensu ba. Da na tambayi wani ƙanena da ke sayar da albasa inda suke yin hira bayan sun tashi daga kasuwa, sai ya ce mini in zo in gane wa idona. Na je sau bakwai a cikin wata biyu, na biya kuɗina kamar kowa, na zauna a benci kamar kowa, kuma abin da na gani shi ne zan faɗa.

Gidan yana cikin wani lungu a Agege, tafiyar da ba ta wuce minti goma da ƙafa ba daga gadar sama ta Pen Cinema wadda aka buɗe a shekarar 2021. Sunan wannan mahaɗa ya samo asali ne daga tsohuwar sinimar da ta taɓa ci a wurin, kuma har yau dattawan Zango suna ba da labarin daren da suka raba a cikinta suna samari. Sinimar ta tafi, sunan ya saura, sai ire-iren wannan gidan kallo suka gaji aikinta, domin ɗan ga-ruwan da ya yini yana tura kura ba zai iya biyan kuɗin tikitin sinimomin da ke manyan kantunan Ikeja ko Lekki ba, kuma ko da zai iya, ba da Hausa za a yi masa magana a can ba.

Zaure ne mai tsawo da rufin kwano, akwai benci 14 a jere, da manyan talabijin biyu a maƙale a bango, da fanka huɗu, da injin wuta a bayan gini. Mai gidan mutumin ƙasar Katsina ne, magidanci mai natsuwa wanda ba ya ɗaga murya. Kuɗin kallon fim naira 200 ne, daren ƙwallon Turai kuwa naira 300, sannan a bakin ƙofa akwai yaron da ke zaune da kwamfuta yana tura wa mutane fina-finai a waya. A fannin tsari ban sami abin zargi mai yawa ba. Ana share wurin kullum, ba a shan taba a ciki, ba a barin mai maye ya shiga, kuma da an kira sallar Magariba ko Isha sai a kashe kallo a tashi, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Yaran da ba su balaga ba ana sallamarsu bayan Isha ko da sun biya, a mayar musu da rabin kuɗinsu. Idan aka ɗauke wuta, ba a fi minti biyu ba inji ya tashi. Sautin sifika yana fita sarai har zuwa bencin ƙarshe, abin da ba kasafai ake samu a irin waɗannan wurare ba. Akwai allo a bakin ƙofa da ake rubuta fina-finan ranar da alli, kuma a duk zuwan da na yi abin da aka rubuta shi aka nuna.

Aibin ginin guda biyu ne, kuma na farkon ba ƙarami ba ne. Ƙofa ɗaya ce tak ake shiga ake fita, alhali a daren da aka cika mutane sun haura 80, ga kuma jarkar fetur da ake ajiyewa kusa da inji a bayan bangon da ba shi da kauri. Wanda ya zauna a Legas ya san yadda gobara take cin irin waɗannan gine-gine na kwano da katako. Na biyu shi ne zafi, domin daga watan Fabrairu zuwa Afrilu fanka huɗu ba sa wadatar da wannan taro.

To amma ba benci da fanka ne suka kai ni ba. A dare bakwai na kalli fina-finai 11: takwas na Indiya da aka fassara zuwa Hausa, waɗanda ake kira Indiya-Hausa, da kashi biyu na wani shirin Hausa mai dogon zango, da fim ɗaya na Amurka. Daga cikin takwas ɗin nan, shida labarinsu kusan ɗaya ne. Akwai bos, wato azzalumin mai kuɗi ko ɗan siyasa, wanda ya kashe wani ko ya ƙwace gonakin talakawa. Akwai jarumi, wani lokaci ɗan sanda ne, wani lokaci ɗan wanda aka kashe. Ana kama bos a kai shi kotu, sai lauyansa ya tashi da baƙar riga ya juya magana, shaidu su janye ko a kashe su a hanya, alƙali ya buga guduma ya sake shi, ya fito yana murmushi a matakalar kotu. Daga nan jarumi ya yanke ƙauna daga doka, ya ɗauki bindiga ko adda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani fim da na kalla ranar wata Asabar, ɗan sandan ya ɗauki wanda ake zargi a mota da sunan zai kai shi gidan yari, ya ratse daji da shi, ya buɗe masa ƙofa ya ce ya gudu, sannan ya harbe shi ta baya ya rubuta rahoton cewa ya yi yunƙurin tserewa. Zauren nan gaba ɗaya ya miƙe tsaye, ana tafi ana cewa, "Maganinsa ke nan!" Wani a bayana ya ce, "Allah ya ƙara, da ma kotu ɓata lokaci ce."

Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji sanyi a raina lokacin da azzalumin ya faɗi, domin an shafe awa biyu ana nuna mini muguntarsa. Kuma a nan ne dabarar take. Mai kallo ya san bos shi ne ya yi kisan saboda kyamara ta kai shi wurin, ya ga wuƙar, ya ga fuskar, ya ji abin da aka faɗa a asirce. Kyamara shaida ce da ba ta mantuwa, ba ta tsoro, ba a saye ta, ba ta kuma rikita fuskar wani da ta wani a cikin duhu. Saboda haka duk wani mataki da kotun cikin fim ta ɗauka, na neman hujja ko sauraron lauya ko ba da beli, sai ya zama a idon mai kallo jinkiri ne kawai a kan gaskiyar da kowa ya riga ya sani. A kotun da nake aiki kuwa babu wanda ya ga abin da ya faru ta wannan hanya. Mai shari'a ba ya wurin, mai gabatar da ƙara ba ya wurin, ni ma ba na wurin. Abin da ke gabanmu shi ne mutum biyu ko uku da kowannensu ke faɗin abin da ya ce ya gani, sau da yawa da dare, sau da yawa cikin ruɗani da gudu. Dukan ƙa'idojin shari'a an gina su ne a kan wannan rashin sani, domin kada a hukunta mutum da zato. Addininmu ma a kan haka ya tsaya tun farko, da ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja, ya ɗora rantsuwa a kan wanda ya musanta.

Abin da ya fi damuna shi ne su wane ne ke tafawa. Samarin da ke wannan zaure baƙi ne a Ikko, mafi yawansu ba su da dangi a garin sai abokan sana'a, ba sa jin Yarbanci sosai, Turancinsu na ciniki ne kawai. Idan aka yi ihun "Ole!" a tsakiyar kasuwa, wato ɓarawo, aka fara neman taya da fetur, wa ya fi kusa da a nuna shi da yatsa in ba baƙon da ba zai iya kare kansa da baki ba? A watan Maris na 2025 an tare matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin salla, aka ga bindigogin farauta a tare da su, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙone ba tare da an kai su gaban kowace hukuma ba. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun ɗauki kansu jarumai ne da suka gaji da jiran doka. Kuma domin kada in yi son kai, mu ma an taɓa samun namu a ɗaya ɓangaren. A watan Mayu na 2022 an zargi wasu 'yan acaɓa da taruwa su kashe wani mutum a Lekki bayan saɓani a kan kuɗin haya, kuma daga ranar 1 ga Yuni na wannan shekara gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere. Dubban mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka rasa hanyar abincinsu. Duk wanda ya ga rikicin kasuwar Mile 12 ta Legas a 2016 ya san yadda ƙaramin saɓani ke zama gobara idan kowa ya ce shi ne alƙalin kansa.

Saurayin da ke zaune a wannan benci ya fi kowa bukatar abubuwan da fim ɗin yake koya masa ya raina. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, sai fa a manyan laifuffuka masu hukuncin kisa. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, haƙƙinsa ne a ba shi tafinta kyauta. Wannan layi na ƙarshe shi ne tushen aikina. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uba ko mata ko ƙane saboda ba a sami wanda ake nema ba, ta kuma ce idan mutum zai yi iƙirarin laifi a ofishin 'yan sanda a ɗauki hotonsa na bidiyo, ko kuwa a yi a gaban lauyansa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da duka da gallazawa domin tilasta wa mutum amsa laifi su kansu laifi. Jihar Legas kuma tun shekarar 2000 tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa hali kyauta. A cikin fina-finai 11 da na kalla babu ko ɗaya da ya nuna talaka yana cin moriyar irin waɗannan abubuwa. Kullum bos ne ke samun beli, kullum bos ne ke da lauya.

Na taɓa yi wa wani yaro tafinta, ɗan ga-ruwa da bai wuce shekara 20 ba, wanda aka tuhuma da satar injin wuta a gidan da yake kai ruwa. Mai shari'a ya tambaya ko yana da lauya, ya kuma ce in gaya masa cewa za a iya nema masa na gwamnati ba tare da ya biya ko kwabo ba. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, ka gaya masa ni ban yi laifi ba, me zan yi da lauya? Ai lauya na masu laifi ne." Na fassara maganar kamar yadda ya faɗa, domin tafinta ba shi da ikon ƙari ko ragi, amma zuciyata ta yi nauyi. Sai da mai shari'a ya ɗage zaman, wani dattijo daga cikin shugabannin unguwarsu ya lallashe shi, sannan ya yarda. Ba zan ce fim kaɗai ne ya sa masa wannan tunani ba, domin akwai abin da ya ji a bakin mutane, akwai kuma abin da ya gani da idonsa. Amma lauyan da ke cikin kansa shi ne dai wanda na gani a bangon gidan kallon Agege har sau shida.

A matsayina na mai wannan sana'a, na saurari aikin masu fassarar Indiya-Hausa da kunnen abokin aiki, kuma dole in yaba musu. Suna da kaifin harshe, suna iya daidaita magana da motsin baki, suna sanya karin magana a inda ya dace, har mutum ya manta cewa ba a Kano aka yi fim ɗin ba. Wannan gwaninta ce ta sa saƙon yake shiga jiki fiye da lokacin da ake kallon fim ɗin Indiya ba a jin abin da ake faɗa. Sai dai idan aka zo zaman kotu, nan ne suke sakaci. Na ji an kira mutumin da ba a riga an yanke wa hukunci ba "mai laifi" tun daga farkon zama har ƙarshe, alhali Hausa tana da "wanda ake zargi" da "wanda ake tuhuma". Na ji an fassara ba da beli da cewa "kotu ta sallame shi", alhali beli ba sallama ba ne, amana ce da wani ya tsaya wa mutum a kan zai dawo duk ranar da aka neme shi, shari'a kuma tana nan ba ta mutu ba. Wannan kuskure yana da illa a zahiri, domin na sha ganin samarin da aka ba beli suka ɗauka magana ta ƙare, suka hau mota suka tafi gida noma da damina, aka ba da takardar kamo su, wanda ya tsaya musu kuma ya shiga uku. Kalma ɗaya ce a bakin mai fassara, amma mutum 80 ne ke jin ta a dare guda.

Shirin Hausa mai dogon zango da aka nuna yana da nasa salon daban. A nan ba jarumi ne ke ɗaukar fansa ba, ƙaddara ce. Wanda ya ci dukiyar marayu sai ya yi haɗarin mota, ko ya haukace, ko ya kwanta ciwon ajali ya tara 'yan'uwa ya tona wa kansa asiri yana kuka. Mun yi imani cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da cewa akwai ranar hisabi. Amma idan kowane labari ya ƙare a haka, abin da mai kallo zai ɗauka shi ne wanda aka zalunta ba shi da abin yi sai ya zauna ya jira, alhali neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba ya cin karo da tawakkali. Duk da haka, a cikin kashi na biyu na ga zaman kotu mafi kyau a duk kallon da na yi. Rigimar gado ce, alƙali ya hana mai ƙara katse wanda ake ƙara, ya nemi shaidu, ya tambayi kowannensu inda yake a ranar da aka yi cinikin gidan, ya ƙi karɓar maganar wanda ya ce ji ya yi an faɗa, sannan ya ɗage zama. Ba a yi tafi ba, amma zauren ya yi tsit, kuma da aka tashi na ji samari biyu suna gardama a kan ko shaidar ɗan'uwa tana karɓuwa. Wannan ya nuna mini cewa ba gaskiya ba ne a ce masu kallonmu ba sa iya zama sai an zubar da jini.

Fim ɗin Amurka kuwa ya kawo nasa ruɗanin, domin a cikinsa mutum 12 daga cikin jama'a ne suka yanke hukuncin ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin. A kotunan Nijeriya ba a yin haka, mai shari'a shi kaɗai ne ke auna hujja ya yanke hukunci. Haka kuma saurayin da ya taso a Zamfara ko Kano, inda aka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ya saba da alƙalin da zai yi masa magana kai tsaye da Hausa, to a Legas babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, kuma da Turanci ake rubuta komai.

Ba ina kira ne a hana nuna waɗannan fina-finai ba. Amurka ta gwada wannan hanya daga 1934 zuwa 1968, lokacin da masana'antar fim ɗinta ta bi wata ƙa'ida da ta hana a yi wa doka izgili ko a sa mai kallo ya tausaya wa mai karya ta, kuma daga baya suka watsar da ita. Mu ma muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001, kuma an fi jin muryoyin masu tacewa a kan sutura da rawa fiye da yadda ake nuna kisan wanda ba a yi wa shari'a ba. Ba kuma zan ce masu fim ƙarya suka ƙirƙira daga iska ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ana ɗage zama sau da yawa, takardu suna daɗewa a hanya, shaidu suna gajiya su daina zuwa. Kowa ya san an rubuta cewa beli kyauta ne, kowa kuma ya san abin da talaka yake faɗa game da wannan rubutu. Fushin da ke cikin zauren nan na gaske ne, kuma yana da dalili. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki wannan fushi a nuna masa hanyar da, idan aka bi ta a titin Legas, mai fushin ne zai fara zama abin layya.

A zuwana na biyar na tsaya bayan an watse na yi magana da mai gidan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma ni ɗan kasuwa ne. Ranar da na sa fim ɗin da babu faɗa, rabin bencin nan babu kowa, ga kuɗin haya, ga fetur." Na ce masa, "Alhaji, ban ce ka daina ba, amma ka ga yadda suka natsu a kan shari'ar gadon nan. Ko dare ɗaya a mako ka ware wa irin wannan." Ya ce zai gwada ranar Laraba, da yake ita ce ranar da kasuwa ba ta cika ba. Na kuma tambaye shi inda yake samo fina-finan da yaronsa ke turawa a waya, sai ya yi shiru kaɗan, ya ce wani ne ke kawo masa su a faifai, kuma bai taɓa tambayar ko an biya masu su ba. Wannan ma wani gibi ne da ba zan tsallake ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi kwafi da rarrabawa ta na'ura, kuma masu shirya fina-finan Hausa sun daɗe suna kukan cewa irin wannan turawa ce ta karya kasuwarsu har da yawansu suka koma YouTube. Wurin da ake nuna labarin ƙwato haƙƙin wanda aka zalunta bai kamata ya zama yana cin guminsu ba tare da izini ba, kuma na faɗa masa haka a gabansa.

Ga wanda ke neman wurin hutawa bayan aiki a yankin Agege, wannan gida ya fi da yawa daga cikin takwarorinsa tsabta da tsari da mutunta lokacin salla, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin leburan kasuwa ba. Ina ba da shawarar a zauna kusa da ƙofa har zuwa lokacin da za a fasa ta biyu, wadda mai gidan ya ce yana jiran amincewar mai ginin. Ba na ba da shawarar a bar yaro ya je shi kaɗai ko da rana, domin ba a duba shekarun da aka ƙayyade wa kowane fim kafin a nuna shi.

Kafin in tafi a daren zuwana na biyar na roƙi mai gidan izinin liƙa takarda ɗaya a jikin allon da ke bakin ƙofa, ya amince. Na rubuta da Hausa, da boko da kuma ajami, abubuwa biyar da doka ta ba wanda aka kama, na ƙara da bayanin cewa akwai lauyoyin gwamnati na kyauta. A zuwana na ƙarshe takardar tana nan, gefenta ya ɗan yage, wani kuma ya ja layi da biro a ƙarƙashin maganar kama wani a madadin wani. Ina tsaye sai wani saurayi mai sayar da rake ya matso ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce kai ne ka rubuta wannan. Yau kwana uku ke nan da aka tafi da yayana saboda ba a sami maigidansa ba." Na karɓi sunan unguwar da aka kai shi, muka yi alkawarin haɗuwa da ƙarfe bakwai na safe a tashar mota, na kuma ce ya zo da dattijo ɗaya mai katin shaida da adireshin da za a iya samunsa.